Wane fim ne bakandamiyar Aminu Saira?

Duk wanda ya saba zama a majalisun matasa a garin Wudil ya san akwai musu iri uku da ba sa ƙarewa: na siyasa, na ƙwallon Turai, sai kuma na fim. Na siyasa yakan lafa idan an gama zaɓe. Na ƙwallo yakan huta idan 'yan wasa sun tafi hutu. Amma na fim ba shi da rani ba shi da damina.

A teburin mai shayi na bakin tasha, da rumfunan masu tura fina-finai a waya, da ɗakunan kwanan ɗaliban Jami'ar Kimiyya da Fasaha ta Aliko Ɗangote, tambaya guda ce take yawan dawowa: a duk fina-finan da Aminu Saira ya ba da umarni, wanne ne ya fi?

Amsar takan bi shekarun mai magana. Wanda ya haura talatin, wanda ya kalli fim a faifan sidi zamanin da ake karo-karon kuɗin man janareto, zai ce Ga Duhu Ga Haske, ko kuwa Jamila da Jamilu. Mai son labarin sarauta da na mazan jiya zai ce Ɗan Marayan Zaki. Ustazan majalisa, waɗanda ba su cika yarda a ce suna kallon fim ba, sukan ɗan sassauta idan an ambaci Ashabul Kahfi. Su kuwa 'yan shekara ashirin da akasarin matan gida, ba su ma ga abin musu ba. A wurinsu Labarina ne, sauran duk labarin da ne.

Kowa zai tashi da nasa, gobe a dawo a ɗora daga inda aka tsaya. Ana iya kallon abin a matsayin hirar kashe dare. Sai dai a ƙarƙashin hirar akwai magana mai nauyi, domin abin da masu kallo suka yaba yau, shi masu shirya fim za su ƙara yi gobe. Kuma fim ɗin da aka daina ambato, a hankali shi ne wanda zai ɓace har a rasa kwafinsa.

Mutanen Wudil kuwa suna da bakin magana a wannan fage. Marigayi Rabilu Musa Ibro, wanda har ya rasu a watan Disambar 2014 babu ɗan barkwancin da ya kama ƙafarsa a Kannywood, ɗan Ɗanlasan ne a nan kusa, kuma a Wudil ya yi karatun horon malanta. Garin da ya ga tashin Ibro ba baƙo ba ne a sha'anin fim.

Musun kansa ci gaba ne

Kafin a shiga batun wanne ya fi, ya kamata a lura da wani abu. A ce matasa sun zauna suna jera fina-finai da sunan darakta, wannan sabon abu ne a ƙasar Hausa.

Tun daga Turmin Danya, wanda ƙungiyar Tumbin Giwa ta fitar a Kano a 1990, mai kallo da fuskar jarumi yake gane fim. Ana cewa fim ɗin Ali Nuhu, fim ɗin Ibro, fim ɗin Fati Muhammad. Dubban mutanen da suka haddace waƙar Sangaya ba za su iya faɗin cewa Aminu Muhammad Sabo ne ya ba da umarninsa ba. Haka Wasila, kowa ya san jarumarsa, amma kaɗan ne za su kira Ishaq Sidi Ishaq. Marigayi Tijjani Ibrahim, wanda 'yan fim da kansu suke girmamawa a matsayin malami, ba kowane matashi ne yau ya taɓa jin sunansa ba.

Saira yana cikin 'yan ƙalilan da suka karya wannan al'ada. Ɗan unguwar Gwammaja ne a Kano, an haife shi a 1979, kuma gidansu gidan fasaha ne, domin mawaƙi Naziru Sarkin Waƙa ɗan'uwansa ne. A 'yan shekarun da ke tsakanin 2009 da 2014 ya jero fina-finan da suka sa mai sayen faifai ya fara juya bayan kwali yana neman sunan wanda ya ba da umarni. Daga nan sunan darakta ya zama abin da ke sayar da fim, ba fuskar da ke kan fasta kaɗai ba.

Wannan ba ƙaramar nasara ba ce, kuma ba ta Saira ba ce shi kaɗai. Idan mai kallo ya fara tambayar waye ya tsara wannan, to ya fara gane cewa fim aiki ne na tunani, ba taron kyawawan fuskoki da waƙa ba.

Abin da dillalan kara suka sani

Matsalar musun majalisa ita ce ba a yarda da mudu ɗaya ba. Wannan yana auna fim da waƙoƙinsa, wancan da jarumar da yake so, wani da yawan waɗanda suka kalla a YouTube, wani kuma da tunanin ƙuruciyarsa. Mutum huɗu, mudu huɗu, ta ina za a haɗu?

A kasuwar kara ta Wudil, wadda ke ci duk ranar Juma'a, babu dillalin da ke yi wa sa kuɗi saboda yawan mutanen da suka kewaye shi. Yakan buɗe baki ya duba haƙori, ya shafa tozo, ya dubi ƙafa da tafiya. Kuma ba ya haɗa san noma da saniyar tatsa a ciniki ɗaya, domin kowanne da abin da ake nema a jikinsa. Masu musun fim suna da abin koyo a nan.

Akwai tambayoyi huɗu da za su iya zama haƙori da tozon fim.

Ta farko, labarin ya tsaya da ƙafarsa? Wato yana da mafari da tsakiya da ƙarshe, kuma abin da ya faru a ƙarshe ya fito ne daga abin da aka shuka a farko, ba hatsarin mota aka jefo ko ciwon zuciya don a samu mafita ba?

Ta biyu, ana ganin hannun darakta? Ana gane wannan a yadda ya fitar da abin da ke cikin ɗan wasa, da inda ya ajiye kyamara, da inda ya bar shiru ya yi magana maimakon a cika wuri da surutu da kiɗa.

Ta uku, ya yi kasada? Ya taɓo abin da sauran suke tsoro, ko kuwa ya bi sawun abin da kasuwa ta riga ta karɓa?

Ta huɗu, ya jure wa zamani? Idan aka kunna shi bayan shekara goma, har yanzu yana riƙe mai kallo, ko sai dai a yi dariyar ɗinkin kayan da yayin waya?

Yawan masu kallo ba ya cikin waɗannan, kuma da gangan ne. Ba don ra'ayin jama'a ba shi da daraja ba, sai don ba adalci ba ne a gwada fim ɗin da aka sayar a Ƙofar Wambai, wanda babu wanda ya ƙirga gidajen da faifai ɗaya ya zaga, da wanda na'ura ke ƙirga duk wanda ya danna shi.

Kowanne da hujjarsa

Jamila da Jamilu shi ne wanda ya sa aka fara juyowa ana kallon Saira, kuma ya ɗaga sunan Jamila Nagudu. Masoyansa suna da gaskiya idan suka ce ba don shi ba, da wataƙila ba a ba matashin daraktan damar yin manyan ayyukan da suka biyo baya ba. Amma fim ɗin da ya buɗe ƙofa ba lallai ne ya zama shi ya fi abin da ke cikin ɗaki ba. Yawancin masu zaɓarsa, idan aka matsa musu, shekarun da suka kalle shi suke kewa.

Ɗan Marayan Zaki ya fito da Sadiq Sani Sadiq a matsayin jarumin da za a iya ɗora wa fim kacokan, tare da Nafisa Abdullahi. Darajarsa ita ce ya fitar da kyamara daga falo da ofis da lambun rawa, wuraren da fim ɗin Hausa ya daɗe yana kewayawa, ya kai ta duniyar da. Irin wannan aiki yana cin kuɗi, yana buƙatar sutura da jama'a da wahalar daji, kuma kuskure kaɗan ne zai mayar da shi abin dariya. Wanda ya sa shi a sahun gaba bai yi ɓatan kai ba.

Ashabul Kahfi shi ne mafi girman buri. Ɗaukar ƙissar samarin da suka gudu da imaninsu suka kwanta a kogo shekara 309, kamar yadda ta zo a Suratul Kahfi, a mayar da ita fim da 'yan wasan Hausa, a garin da malamai ke sa ido kan duk motsin 'yan fim, wannan ba aikin matsoraci ba ne. Ga shi kuma masu kallo sun riga sun saba da fina-finan tarihin addini na Iran da na Larabawa da ake fassarawa, waɗanda aka kashe musu kuɗin da Kannywood ba ta taɓa gani ba. Abin da ke rage masa maki shi ne wannan gwadin da ba zai iya kauce masa ba, da kuma cewa ƙashin bayan labarin ba nasa ba ne. An san ƙarshensa tun kafin a kunna.

Ga Duhu Ga Haske, wanda Adam A. Zango da Zainab Indomie suka ja, ya shiga inda ake taka-tsantsan, wato bambancin addini idan ya ratso tsakanin mutanen da ke son juna da danginsu. A Arewacin da rikicin addini ya sha cin rayuka a Kano da Kaduna da Jos, kalma ɗaya da ba ta zauna daidai ba ta isa ta jawo wa mai fim abin da bai shirya ba. Kuma an yi shi ne a zamanin da dangantaka ta yi tsami tsakanin 'yan fim da hukumar tace fina-finai ta Kano, shekarun da aka ɗaure wasu, wasu suka kwashe kayan aikinsu suka koma Kaduna. Duk da haka fim ɗin ya shiga gidaje, kuma har yau idan aka ambaci Zainab Indomie shi ne abin da ke fara faɗowa a rai.

Sai Labarina, giwar da ta cika ɗaki.

Labarina: ƙarfinsa da rauninsa

Ba za a fahimci Labarina ba sai an tuna halin da ya samu masana'antar. Kasuwar faifai ta mutu. Satar fasaha da tura fim a waya sun cinye ta, fassarar fina-finan Indiya ta kwashe sauran masu saye. Sinima ɗaya ko biyu a birnin Kano ba za su riƙe masana'anta ba, balle mutumin Wudil ya hau mota ya yi tafiyar kusan awa guda don ya kalli fim. Tashar Arewa24, wadda ta fara aiki a 2014, ta nuna da Daɗin Kowa da Kwana Casa'in cewa Bahaushe zai iya bin labari mako-mako. A 2020, shekarar kullen korona, Labarina da Izzar So suka tabbatar da cewa wannan hanya za ta iya ciyar da masu zaman kansu ma.

Zangunan farko, waɗanda Ibrahim Birniwa ya rubuta, sun yi abin da ba a saba gani ba. Sumayya, wadda Nafisa Abdullahi ta fito a matsayinta, da Mahmud na Nuhu Abdullahi, da Presido, sun zama kamar 'yan unguwa, ana faɗa a kansu a gidan biki da cikin adaidaita sahu. Baba Ɗan Audu kuwa, dattijon da son kuɗi ya raba shi da kunya, Rabi'u Rikadawa ya yi masa wasan da zai daɗe ana tunawa. Hoton ya yi tsabta, sautin ya fita, kuma an ga alamar an zauna an yi shiri. Idan tasiri ake nema, babu aikin Saira da ya kama ƙafar wannan. Ya sauya yadda ake yin sana'ar gaba ɗaya.

To amma a mayar da shi kan tambaya ta farko: labarin ya tsaya da ƙafarsa? A nan ne masoyansa suke yin shiru. Mahmud ya fita daga labarin a lokacin da masu kallo ba su shirya ba. Nafisa Abdullahi ta bar shirin, aka wayi gari Fati Washa ce Sumayya. Daga baya aka ajiye wancan labari aka ɗauko wani sabo fil, na Mainasara, attajirin da ya ɓoye dukiyarsa don ya gane mai sonsa da gaskiya, Sadiq Sani Sadiq ya ja shi. Sabon labarin ya samu karɓuwa, babu musu. Amma idan mutum ya ce Labarina ne ya fi, sai a tambaye shi: wanne daga ciki?

Laifin ba na mutum ɗaya ba ne, tsarin kasuwar ne. Fim mai dogon zango yana samun kuɗi ne muddin yana tafiya. Duk mako akwai talla, akwai kuɗin YouTube, akwai ma'aikatan da ke jiran sallama. Ranar da labari ya ƙare, ranar ce kuɗi ke tsayawa. Don haka abin da za a faɗa a fitowa uku sai a ja shi zuwa goma, a ƙaro sabbin fuskoki, a maimaita abin da aka riga aka gani. Ɗan wasa kuma mutum ne, yana da nasa uzurin, ba zai zauna shekara huɗu a rawa ɗaya don labari ya kammala ba. Fim na awa biyu ko uku ba shi da wannan ciwo. An gama shi kafin a sake shi, darakta ya san ƙarshensa tun ranar da ya fara ɗauka.

Hukunci

Idan aka bi hikimar dillalan kara, sai a raba cinikin gida biyu.

A ɓangaren tasiri da sauya alƙiblar masana'anta, Labarina ne, musamman zangunansa na farko, kuma babu na biyunsa.

Amma bakandamiya, wato aikin da za a ɗaga a ce ga abin da wannan mutum ya iya, cikakke daga farko har ƙarshe, hujja ta fi karkata ga Ga Duhu Ga Haske. Labarinsa na wannan ƙasa ne, ya yi kasada a lokacin da kasada ke da tsada, ya kammala abin da ya fara, kuma matsalar da ya taɓo ba ta tsufa ba. Ashabul Kahfi da Ɗan Marayan Zaki suna biye, kowanne saboda ya faɗaɗa abin da ake ganin fim ɗin Hausa zai iya.

Wannan hukunci ba wahayi ba ne, kuma zamani yana iya rushe shi. A Birtaniya akwai mujallar Sight and Sound da ke tara masana duk shekara goma tun 1952 su zaɓi fina-finan da suka fi a duniya. Vertigo na Alfred Hitchcock, wanda bai burge masu sharhi sosai ba da ya fito a 1958, shi ne ya zo na ɗaya a 2012, ya ture Citizen Kane da ya riƙe kambun tun 1962. A 2022 shi ma aka ture shi. A Indiya, Raj Kapoor ya zuba dukiyarsa da shekarunsa a Mera Naam Joker, ya fito a 1970 ya faɗi warwas a kasuwa, sai da Bobby ya zo a 1973 ya farfaɗo da shi. Yau wancan da ya faɗi yana cikin waɗanda ake fara ambata idan ana maganar gwanintarsa.

Abin lura a nan shi ne, waɗancan fina-finai sun samu damar a sake duba su ne saboda an adana su. Wannan ita ce damar da fina-finan Hausa suke gab da rasawa.

Inda gizo ke saƙa

A gwada wannan a kowace majalisa a Wudil: a tambayi masu cewa Labarina ne ya fi, su nawa ne suka kalli Ga Duhu Ga Haske daga farko har ƙarshe? Kaɗan ne. Ba ƙin kallo suka yi ba, samunsa da kyau ne wahala. Faifan da ke gidaje sun karce, na'urar kunna su ta zama kayan gwangwan. Abin da ake samu na tsofaffin fina-finai a intanet ko a kwamfutar masu turawa, sau da yawa kwafi ne na kwafi, hoto dishi-dishi, sauti na shaƙewa, an yanke farko inda sunayen ma'aikata suke, wani lokaci ma kashi na biyu ya ɓata.

Wanda ya kalli sabon shiri tar-tar a wayarsa, sannan aka nuna masa tsohon fim a wannan kama, ai an riga an yanke hukunci kafin a shiga kotu. Musun ya zama tsakanin wanda ya gani da wanda ya ji labari.

Idan wannan ne halin fina-finan zamanin faifai, na darakta mai rai kuma mai ƙarfi a masana'anta, ina ga na zamanin kaset? Ina ayyukan Tijjani Ibrahim? Ina ɗaruruwan fina-finan Ibro, waɗanda a cikinsu akwai tarihin yadda talakan Kano ya yi dariyar wahalarsa kusan shekara ashirin? Ko shekarar da fim ya fito, sau da yawa sai an yi gardama, saboda babu wani kundi da mai neman sani zai buɗa.

An taɓa ganin irin wannan. Shehu Umar, wanda Adamu Halilu ya shirya a 1976 daga littafin Abubakar Tafawa Ɓalewa, ya yi shekaru ana jin sunansa ba a ganinsa. Sai da aka tono shi a ma'ajiyar Hukumar Fina-finai ta Najeriya, aka gyara shi a Jamus, sannan aka nuna shi a bikin fina-finai na Berlin a 2018. Wancan ya ci sa'a, domin hukuma ce ta ajiye shi. Fim ɗin da ke kan faifai a ƙasan akwatin wani furodusa da ya bar sana'a ya koma sayar da fili, wa zai tono shi?

Masu cewa ɓata lokaci ne

Akwai masu ganin duk wannan surutu ne marar amfani. Wasu za su ce ana fama da tsadar abinci da kuɗin makaranta, wa ke da lokacin jera fina-finai? Wasu kuma za su ce fim ɗin ma gaba ɗaya ɓata tarbiyya ne, gara ya ɓace. Irin wannan ra'ayi ne ya yi ƙarfin da ya sa gwamnatin tarayya ta janye shirin gina alƙaryar fim a Kofa ta ƙaramar hukumar Bebeji a 2016.

Damuwar tarbiyya gaskiya ce, kuma 'yan fim ba su wanke kansu daga zargi ba. Amma mai wannan damuwa shi ya fi kowa buƙatar a riƙa auna fina-finai da hankali. Yara suna kallo, ko an so ko an ƙi. Idan babu mai rarrabe musu mai kyau da marar kyau da hujja, to yawan dannawa ne zai zama alƙali, shi kuwa ba ruwansa da tarbiyya. Dakatarwa, irin wadda hukumar tace fina-finai ta Kano ta yi wa shirye-shirye 22 a watan Mayun 2025, ciki har da Labarina, tana iya tilasta bin ƙa'ida. Amma ba ta koya wa mai kallo bambance aikin ƙwarai da na ganin dama. Wannan aikin masu sharhi ne da masu musu.

Batun tsadar rayuwa kuwa, fim sana'a ce. Bayan kowane shiri akwai marubuci, mai ɗaukar hoto, mai haɗa sauti, mai kwalliya, direba, mai dafa abinci, har zuwa yaron da ke tura fim a rumfa a bakin kasuwar Wudil. Ingancin abin da suke yi shi ne zai sa a saya a waje ko a ƙi. Da aka zaɓi Mai Martaba na Prince Daniel ya wakilci Najeriya a neman shiga gasar Oscar a 2024, an ga cewa fim da harshen Hausa yana iya fita kunya a gaban duniya idan an yi shi da kyau.

Abin da ya kamata a yi

Na farko yana wuyan daraktocin da furodusoshin kansu. Saira yana da tashar YouTube mai ɗimbin mabiya. Babu abin da zai fi dacewa kamar ya nemo asalin kwafin tsofaffin ayyukansa, ya daidaita da waɗanda suka mallake su, a gyara hoto da sauti, a sake su cikakku da sunayen duk waɗanda suka yi aiki da shekarar da aka yi. Idan ya fara, wasu za su bi. Akwai kuɗi a ciki, akwai kuma suna.

Na biyu, hukumar tace fina-finai ta Kano, wadda aka kafa a 2001, fina-finai masu yawa sun bi ta hannunta. Ta wallafa kundin sunayensu da shekarunsu da waɗanda suka yi su, kowa ya iya dubawa a waya. Hukumar da ke da ikon hanawa ya kamata ta zama mai adanawa.

Na uku, Hukumar Fina-finai ta Najeriya tana da ma'ajiya a Jos, kuma tun Janairun 2024 Ali Nuhu ne shugabanta, mutumin da ya san inda kowane tsohon furodusa yake. Idan ba a tattara fina-finan kaset da na faifai a zamaninsa ba, da wuya a ce ga lokacin da za a yi.

Na huɗu, manazarta da 'yan jarida. Farfesa Abdalla Uba Adamu ya shafe shekaru yana rubutu kan wannan masana'anta, mujallar Fim tana nan tun 1999, kuma akwai matasan da ke sharhi a jaridu da Facebook. Za a iya haɗa marubuta da daraktoci da malaman jami'a da masu kallo na gaske, duk bayan wasu shekaru su fitar da jerin fina-finan da suka fi, kowa ya rubuta dalilinsa. A kuma riƙa ambaton marubutan labari, irin su Birniwa da Yakubu M. Kumo, domin darakta ba ya gini sai an ba shi tubali.

Na ƙarshe yana hannun 'yan majalisa. Ƙungiyoyin ɗalibai a jami'ar Wudil ba sa buƙatar izinin kowa daga Abuja kafin su ware dare ɗaya a wata, su nemi yardar mai fim, su kunna tsohon aiki a bango, a kalla tare, a yi musu bayan an gama. Wanda zai ce Labarina ne ya fi, ya zo ya zauna ya kalli Ga Duhu Ga Haske tukuna. Wanda ya tsaya a kan na da, shi ma ya daure ya bi zango ɗaya na sabon har ƙarshe.

Bayan nan kowa yana iya komawa kan bakansa, kuma babu laifi. Saira bai ajiye aiki ba, wataƙila ma bakandamiyar tasa tana gaba. Amma ranar da za a zo yi masa hisabin sana'a, shi da sauran takwarorinsa, ya kamata a tarar da ayyukan a ajiye, ba labarinsu a bakin mai shayi ba.